Tarihin Makarantun Ƙasa-da-Ƙasa da Matsayin Harshe Wajen Zaɓar wa 'Ya'yan Baƙi Makaranta

1.0 Gabatarwa

Duk ma'aikacin da aiki ya raba shi da ƙasarsa ya kai shi wata, ko jakada ne ko ɗan mishan ko injiniyan kamfanin mai, muddin yana da iyali, to akwai tambayar da ke jiran sa tun kafin ya kwance kaya, wato ina yara za su yi karatu? A yau akan amsa wannan tambaya ta hanyar duba kuɗin makaranta da kyan gine-gine da sakamakon jarrabawa. Amma idan aka waiwayi tarihi za a tarar cewa abubuwa uku ne suka daɗe suna ci wa iyaye tuwo a ƙwarya. Na farko, ko yaro zai zauna tare da iyayensa ko za a raba su. Na biyu, wace takardar shaida zai fita da ita, kuma wace ƙasa ce za ta karɓe ta. Na uku, da wane harshe za a koyar da shi, kuma mene ne makomar harshen da ya tashi da shi a gida.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda aka yi ta amsa waɗannan tambayoyi daga tsakiyar ƙarni na 19 zuwa yau. Za a nuna cewa an shawo kan matsala ta farko da ta biyu gwargwadon hali, amma ta uku, wato ta harshe, ita ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, alhali kuwa ita ce asararta ba ta da saurin gyaruwa. Abin da ake nufi da makarantar ƙasa-da-ƙasa a nan shi ne makarantar da ke bin manhajar da ba ta ƙasar da take zaune a ciki ba, kuma galibi da harshen da ba na jama'ar ƙasar ba.

2.0 Zamanin Tura Yara Gida

A zamanin mulkin mallaka, al'adar Turawan Ingila da ke aiki a Indiya ita ce su tura 'ya'yansu gida da zarar sun kai shekara biyar zuwa bakwai. Dalilan da ake bayarwa su ne tsoron cututtuka da zafin ƙasa. Akwai kuma wani dalili da ya shafi harshe kai tsaye: yaran kan tashi ne a hannun masu reno 'yan ƙasa, har harshen Hindustani ya fi zama a bakinsu fiye da Ingilishi, abin da iyayen ke ganin zai zubar musu da daraja. Marubucin nan Rudyard Kipling misali ne. An haife shi a Bombay a 1865, kuma a 1871 iyayensa suka kai shi garin Southsea na Ingila tare da ƙanwarsa, suka bar su a hannun wata mata da ake biya, suka koma Indiya. Ya yi kusan shekara shida a wannan gida, kuma ya bayyana ƙuncin da ya sha a cikin rubuce-rubucensa daga baya.

'Yan mishan, waɗanda ba su da ƙarfin aljihun jami'an gwamnati, sai suka ɓullo da wata dabara. Maimakon a haye teku da yaro, sai a gina masa makarantar kwana a wani wuri mai sanyi cikin ƙasar da iyayensa ke aiki. Da haka aka sami makarantar Woodstock a tsaunukan arewacin Indiya, wadda asalinta ya faro daga 1854, da makarantar Chefoo da Hudson Taylor ya kafa a gaɓar tekun ƙasar Sin a 1881, da ta Kodaikanal a kudancin Indiya a 1901, da Rift Valley Academy a Kijabe ta ƙasar Kenya a 1906. A Nijeriya ma an bi wannan sawu: an buɗe makarantar Hillcrest a Jos a 1942, sa'annan Kent Academy ta biyo baya a Miango a tsakiyar shekarun 1940, dukkansu a kan tsaunin Filato saboda sanyinsa.

Wannan dabara ta rage nisa, amma ba ta hana rabuwa ba, domin yaro ɗan shekara shida yakan yi watanni bai ga mahaifiyarsa ba. Haɗarin rabuwar ya fito fili a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da sojojin Jafan suka tsare ɗalibai da malaman Chefoo a 1942, daga baya aka kai su sansanin Weihsien inda suka zauna har 1945, iyayen da yawa daga cikinsu kuwa suna can cikin ƙasar Sin ba su da hanyar isa gare su. Ta fuskar harshe kuma, irin waɗannan makarantu an gina su ne don a shirya yaro ya koma Ingila ko Amurka, saboda haka harsunan jama'ar da ke kewaye da su ba su sami wani gurbi na a zo a gani a cikin manhaja ba.

3.0 Makarantun da Aka Gina a kan Aƙida

Akwai wani reshe na wannan tarihi wanda bai taso daga buƙatar baƙi ba, ya taso ne daga aƙidar zaman lafiya tsakanin ƙasashe. A shekarun 1860 wasu masana da 'yan siyasar Ingila, cikinsu har da Richard Cobden da Thomas Huxley da John Tyndall, suka goyi bayan kafa wata kwaleji a Spring Grove, yamma da Landan, wadda ta fara aiki a 1866. Shirin shi ne a buɗe mata 'yan'uwa a Faransa da Jamus da Italiya masu bin manhaja iri ɗaya, ta yadda ɗalibi zai riƙa ƙaura daga wannan zuwa waccan yana koyon harshen kowace ƙasa ba tare da karatunsa ya yanke ba. An fifita kimiyya da rayayyun harsuna a kan Latin da Girkanci. Shirin bai ɗore ba, domin an rufe kwalejin a 1889, amma ya bar wani tunani a baya: cewa ana iya tsara karatun da ɗalibi zai ɗauka ya ƙetare iyaka da shi.

Wannan tunani ya sami gindin zama bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Kafa Ƙungiyar Ƙasashen Duniya ta wancan zamani da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a birnin Janiba na ƙasar Suwizalan ya tara ma'aikata daga ƙasashe daban-daban a gari ɗaya, kowa da iyalinsa. A 1924 wasu daga cikin waɗannan ma'aikata, irin su Arthur Sweetser, suka haɗa kai da masana ilimin tarbiyya na birnin, musamman Adolphe Ferrière, suka buɗe Makarantar Ƙasa-da-Ƙasa ta Janiba da ɗalibai 8 kacal. Tun daga farko Faransanci da Ingilishi aka ɗora ta a kai. A cikin wannan shekara ce kuma baƙin da ke zaune a Yokohama ta ƙasar Jafan suka buɗe tasu makarantar, bayan girgizar ƙasar 1923 ta rusa birnin. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ma'aikatan Majalisar Ɗinkin Duniya suka kafa irin wannan makaranta a birnin New York a 1947.

Muhimmancin waɗannan makarantu shi ne cewa iyaye ne da kansu suka kafa su, kuma na jeka-ka-dawo ne. Ke nan ma'aikaci ya sami damar riƙe ɗansa a gabansa ba tare da ya sadaukar da karatunsa ba.

4.0 Makarantun Gwamnatoci a Ƙasashen Waje

Wasu ƙasashe kuwa ba su yarda su bar tarbiyyar 'ya'yansu a hannun wata manhaja ta gama-gari ba, sai suka bi 'yan ƙasarsu da makarantu duk inda suka tafi. Faransa ce ta fi yin fice a nan. An kafa ƙungiyar Mission laïque française a 1902 don yaɗa ilimin Faransanci a waje, aka buɗe makarantar Faransa a Landan a 1915, sa'annan a 1990 gwamnati ta kafa hukumar AEFE don kula da waɗannan makarantu, waɗanda yawansu ya haura 500 a ƙasashe fiye da 130. Yaron da ya bar ajin Faransa a Legas zai iya shiga aji makamancinsa a Alƙahira ko a Faris ya ci gaba daga inda ya tsaya. Jamus ta kafa tata hukumar a 1968, ita kuwa Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta buɗe ofishin tallafa wa makarantun waje a 1964, shekarar da aka kafa makarantar Amurka ta Legas.

Tsarin Jafan ya cancanci kulawar masu nazarin harshe. Bayan buɗe makarantar Jafananci a Bangkok a 1956, sai aka sami iri biyu: makarantar cikakken lokaci mai bin manhajar gida, da makarantar ranar Asabar wadda yaron da ke zuwa makarantar gari yake halarta don kada rubutun Jafananci da lissafi su kuɓuce masa. Abin da ya tilasta wannan shi ne wahalar da yaran da suka dawo gida suka riƙa sha wajen jarrabawar shiga makarantu, har ta kai wasu jami'o'in ƙasar suka ware musu hanyar shiga ta musamman.

Tsarin da ya fi kowane ba harshen uwa muhimmanci shi ne na Makarantun Turai. An buɗe ta farko a Luksambak a 1953 domin 'ya'yan ma'aikatan Hukumar Kwal da Ƙarfe ta Turai, wadda ƙasashe shida suka kafa. An raba makarantar zuwa sassa huɗu bisa harsunan ƙasashen, wato Faransanci da Jamusanci da Italiyanci da harshen Holan. Yaro yana fara karatu da harshensa, yana koyon harshe na biyu tun daga firamare, idan ya yi nisa a sakandare kuma sai a koya masa tarihi da labarin ƙasa da wannan harshe na biyu. An yi jarrabawar fita ta farko a 1959, kuma ƙasashen suka amince da takardarta baki ɗaya.

5.0 Matsalar Takardar Shaida da Kafuwar IB

Makarantar Janiba ta warware matsalar rabuwa, amma ta haifar da wata. Da ɗalibai suka kai ajin ƙarshe sai aka ga dole a kasa su gida huɗu: masu shirin jarrabawar Ingila, da masu shirin ta Faransa, da ta Suwizalan, da ta Amurka. Wannan ya jawo tsada, ya kuma rusa manufar haɗa yara wuri ɗaya, tun da ga shi an koma raba su bisa ƙasashensu. A 1962 wani malamin tarihi na makarantar, Robert Leach, ya jagoranci taron malamai inda aka fara tsara manhajar da ba ta kowace ƙasa ba. A shekarar ce kuma aka buɗe Atlantic College a yankin Wales bisa tunanin Kurt Hahn, wadda ita ma take da irin wannan buƙata. Ƙoƙarin ya kai ga kafa hukumar Bakaloriya ta Ƙasa-da-Ƙasa, wadda aka fi sani da IB, a Janiba a 1968, da Alec Peterson na Jami'ar Oxford a matsayin babban daraktanta na farko. An yi jarrabawar farko a hukumance a 1970.

Tsarin difilomar shi ne ɗalibi ya ɗauki darussa shida a shekara biyu na ƙarshen sakandare, biyu daga ciki harsuna ne, ya rubuta dogon muƙala mai kalmomi har 4,000, ya yi darasin falsafar ilimi, ya kuma yi aikin taimakon jama'a. Maki mafi yawa shi ne 45. Daga baya aka ƙara manhajar ƙaramar sakandare a 1994 da ta firamare a 1997. A ɗaya gefen kuma hukumar jarrabawa ta Jami'ar Cambridge, wadda ta fara shirya jarrabawa a ƙasashen waje tun 1864, ta fito da IGCSE, aka fara zama jarrabawarta a 1988.

Da wannan aka sami takardun da jami'o'in ƙasashe da yawa ke karɓa. Hukumar IB ta kuma tanadi wata kafa ga ɗalibin da makarantarsa ba ta da malamin harshensa, inda zai iya nazarin adabin harshen da kansa ƙarƙashin kulawar makaranta. Sai dai wannan kafa tana amfanar wanda ya riga ya iya karatu da rubutu da harshen ne kawai. Yaron da aka yanke wa harshensa tun yana shekara shida ba zai tashi yana da shekara goma sha shida ya yi nazarin adabinsa ba.

6.0 Abin da Nazarin Harshe Ya Gano

Masana zamantakewa biyu, John Useem da Ruth Hill Useem, sun yi nazarin Amurkawa mazauna Indiya a shekarun 1950, daga nan ne kuma aka sami laƙabin 'ya'yan al'ada ta uku, wato yaran da ba su cika zama 'yan ƙasar iyayensu ba, ba su kuma zama 'yan ƙasar da suka tashi ba. Littafin da ya fi yaɗa wannan laƙabi shi ne wanda David Pollock da Ruth Van Reken suka wallafa a 1999. Ita Van Reken a Kano aka haife ta a 1945, iyayenta 'yan mishan ne, kuma ita ma ta ɗanɗana zaman makarantar kwana tana ƙarama.

A fagen ilimin harsuna, Wallace Lambert na ƙasar Kanada ya bambance tsakanin iri biyu na mallakar harshe biyu a shekarun 1970: wanda sabon harshe ke ƙaruwa a kan na gida, da wanda sabon harshe ke ture na gida ya maye gurbinsa. Na biyun ya fi aukuwa idan harshen gida ba shi da daraja a idon makaranta. Jim Cummins kuma ya nuna cewa akwai tazara tsakanin harshen hira da harshen karatu. Nazarinsa a kan 'ya'yan baƙi a Kanada ya nuna cewa yaro kan iya hira da sabon harshe cikin kimanin shekara biyu, amma yakan ɗauki shekara biyar zuwa bakwai kafin ya kamo tsaransa a harshen da ake rubuta jarrabawa da shi. Haka kuma ƙwarewar da yaro ya samu ta karatu da harshensa na farko takan taimaka masa a harshe na biyu. Wannan ya yi daidai da shawarar UNESCO ta 1953 game da koyarwa da harshen uwa, da kuma sakamakon gwajin da Babs Fafunwa ya jagoranta a Jami'ar Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare, Ingilishinsu kuma bai gaza na sauran yara ba.

Ma'anar wannan ga ma'aikacin da ake yi wa canjin wurin aiki duk bayan shekara uku ko huɗu a bayyane take. Idan kowane canji ya zo da sabon harshen koyarwa, yaro zai bar kowace ƙasa kafin harshen karatunsa ya nuna. Idan kuma aka tsaya ga Ingilishi kaɗai don kauce wa haka, aka yi sakaci da harshen gida, to yaro zai tsira da takarda amma ya kasa hira da kakarsa. Tarihi ya adana misalin yadda makaranta kan tsananta wannan hali. Edward Said, wanda ya yi karatu a reshen Victoria College na Alƙahira, ya ba da labari a tarihin rayuwarsa na 1999 cewa dokar makarantar ta hana magana da kowane harshe in ban da Ingilishi, alhali ɗaliban masu jin Larabci ne a tsakiyar ƙasar Larabawa.

7.0 Daga Hidima Zuwa Kasuwa

Daga shekarun 1990 al'amarin ya sake salo. Tsofaffin makarantun Ingila suka fara buɗe rassa a waje, kamar Harrow a Bangkok a 1998 da Dulwich a Shanghai a 2003, har abin ya iso Nijeriya da buɗe Charterhouse a Legas a 2024. Manyan kamfanoni masu mallakar makarantu da yawa, irin su GEMS da Nord Anglia, suka shigo fagen. Ƙididdigar cibiyar ISC Research ta nuna cewa makarantun da ke koyarwa da Ingilishi a wannan rukuni sun tashi daga kimanin 2,500 a shekarar 2000 zuwa fiye da 10,000 kafin 2020, kuma kusan kashi 80 cikin 100 na ɗalibansu 'ya'yan 'yan ƙasa ne masu hali, ba 'ya'yan baƙi ba.

Wannan sauyi ya sa sunan ƙasa-da-ƙasa ya daina zama shaida a kan komai, tun da babu wata hukuma guda da ke da ikon hana kowa liƙa shi a ƙofar makarantarsa. Abin da ya rage wa iyaye shi ne binciken ko wata hukumar tantancewa mai zaman kanta, kamar Majalisar Makarantun Ƙasa-da-Ƙasa da aka kafa a 2003, ta duba makarantar, da ko hukumar jarrabawa ta ba ta izini. Daɗin daɗawa, tun da abin da sababbin iyayen ke biya dominsa shi ne Ingilishi, kasuwa ba ta da wani dalili na kashe kuɗi a kan malaman harsunan gida.

8.0 Kammalawa

An ga yadda aka taso daga tura yara gida, zuwa makarantun kwana na 'yan mishan, zuwa makarantun jeka-ka-dawo irin ta Janiba, zuwa takardar shaidar da ke ƙetare iyaka. A kowane mataki an rage wa iyaye wani nauyi. Haka kuma an ga cewa harshen uwa ya tsira ne kawai a inda wata hukuma ta tsaya masa, kamar yadda Faransa da Jafan da Makarantun Turai suka yi, ba a inda aka bar shi ga kasuwa ba.

Saboda haka tambayoyin da tarihi ya nuna sun fi cancanta iyaye su yi su ne: ina ake sa ran yaro zai ƙarasa karatunsa, kuma takardar makarantar za ta karɓu a can? Idan aka yi canjin wurin aiki, za a sami irin wannan manhaja a gaba? Wane tanadi makarantar ta yi wa yaron da ya zo ba ya jin harshen koyarwa, kuma shekara nawa tanadin ke ɗauka? Wane gurbi ta ba harshen gidansu da harshen ƙasar da take zaune a ciki?

Ga 'yan Nijeriya mazauna ƙasashen waje, Bahaushe ne ko Bayarabe ko Ibo ko mai wani harshen, tambaya ta ƙarshe ta fi nauyi, domin da wuya su tarar da harshensu a jadawalin irin waɗannan makarantu. Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi, kuma ta harshe wannan bari yakan fara. Darasin makarantun Asabar na Jafan yana nan ga mai son ɗauka, amma ba zai yiwu ba sai da littattafan karatu da manhajar koyar da harsunan Nijeriya ga yaran da suka tashi a waje. Samar da waɗannan kuwa aiki ne da ya rataya a wuyan sassan nazarin harsunan Nijeriya na jami'o'in ƙasar.